Kada Ku Yanke Waƙa a Tsakar Magana

Bari in fara da faɗin da wa nike, don kada a ce na yi jifa cikin kasuwa. Da ku nike, ƴan uwana dijoji, masu sono na bukukuwanmu, tun daga Maraɗi da Damagaram har Tawa da unguwannin Yamai. In kun ga na rubuta dije, kada hankalinku shi tafi wajen Dije ƙanwar innarku. Mai sa waƙa nike nufi, haka bakinmu ke faɗin sunan, haka kuma zan rubuta shi.

Ban zo da ƙorafi kan waƙoƙin da kuke zaɓe ba, wannan tsakaninku ne da masu biki. Ƙorafina shina kan ɗan lokacin nan da bai wuce sakan goma ko ashirin ba, lokacin da waƙa ɗaya ke fita wata ke shiga. Aikin dije duka nan ya taru. Zaɓen waƙa, ko ƙanwar amarya da salularta ta iya shi. Abin da ake biyan ku dominshi shi ne ku fitar da wata ku shigo da wata, ƙafar mai rawa ba ta yi tuntuɓe ba, mawaƙi kuma ba a guntule mishi magana a baki ba. Gaskiya ɗaya ce, mafi yawanku ba ku yin wanga aiki.

Ɓarna iri ukku kunne ke ji kusan kowane biki. Ta farko yankan wuƙa: mawaƙi shina tsakar kalma, sai dije shi fizge majanyi, wata waƙa ta faɗo kamar an saki guga cikin rijiya. Ta biyu cakuɗe: a bar muryoyi biyu suna tafiya tare, wanga na yabon masoyiya, wancan na habaici ga maƙiya, ganguna biyu na rige-rige, fili shi koma kamar tashar mota ranar kasuwa. Ta ukku ɓoyon laifi: da dije ya ji haɗin ba zai yi ba, sai shi danna jiniya ko ƙahon mota, ko shi ɗauki mikoro shi kwarara ihu, don kada a ji inda ɗinkin ya karkace. Tela ne ya ɓata wuyan riga ya liƙa mata fure.

Na san akwai waɗanda za su ji daɗin wanga rubutu don wani dalili nasu daban. Su ne masu cewa dije ba sana'a ba ce, yaro ne da kwamfuta shina danne-danne, ya raba makaɗa da abincinsu. Ku dakata, ba tafiyarmu ɗaya ba. Ni don na san aikin na da zurfi nike faɗa da masu yin shi da ganganci.

Ga abin da ke gaban dije. Mikisa, wadda ƴan sono ke ce ma tabul, tana da hanya biyu ko fiye, kowace waƙa da hanyarta. Kowace hanya na da majanyi mai hawa da sauka don ƙarar sauti. Bisa gare shi akwai maɓallai ukku na murɗawa: na bas, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, na tsaka, inda muryar mutum ta fi zama, da na sama, inda siraran sautuka suke. Akwai kuma maɓallin da ke daidaita ƙarfin da waƙa ke shigowa da shi tun farko. Can ƙasa, a kwance, akwai majanyin tsakiya, kurosfeda: ka tura shi hagu a ji waƙar hagu, ka tura shi dama a ji ta dama, ka tsai da shi tsakiya a ji su tare. Sai abin kunne, wanda ke ba dije damar sauraren waƙa ta gaba shi kaɗai kafin jama'a su ji ta. Wanda ba shi da tabul na ƙarfe, duk waɗannan suna nan cikin VirtualDJ da ke kan kwamfutarshi, manhajar da ta fito tun 2003. Ke nan babu mai cewa kayan aiki suka hana shi.

Dabarun kansu suna da tarihi. A ƙarshen shekarun 1960, a wani gidan rawa mai suna Sanctuary cikin birnin Niyu Yok na Amurka, Francis Grasso ya shahara da daidaita bugun faifai biyu da kunne, har masu rawa ba su gane inda ɗaya ya ƙare. Kamfanin Technics ya fitar da na'urar faifai SL-1200 a 1972, sannan a 1979 ya fitar da MK2 mai majanyin ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari. A ran 11 ga Agusta 1973, DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi wasan nan na unguwar Bronx da ake ƙirga farkon hip-hop daga gare shi. Shi ne ya yi suna da maimaita gurbin ganga zalla ta hanyar amfani da faifai biyu iri ɗaya. A tsakiyar shekarun 1970 kuma irin su Tom Moulton suka fara tsawaita waƙoƙin disko, ana barin dogon kiɗa ba murya a farko da ƙarshe, don dije shi samu wurin ɗinki. Ku riƙe wanga batu na ƙarshe, zan dawo kanshi.

To mi hannu ke yi a waɗannan ƴan sakanni? Abu na farko daidaita gudu. Ana auna gudun waƙa da yawan bugu a minti. A ce waƙar da ke tafiya tana bugu 100 a minti, mai shigowa tana 104. Bambancin bugu huɗu ne a minti, wato cikin sakan 15 ɗaya ta tsere ma ɗaya da cikakken bugu guda, kuma tun kafin sakan huɗu kunne ya fara jin gangunan na sassarfa. Shi ya sa ake rage ma mai sauri ko a ƙara ma mai nawa har su zo daidai, kuma cikin abin kunne ake yin haka, ba bisa kan jama'a ba.

Abu na biyu ƙirga. Mafi yawan kiɗan zamani ana ɗaure shi bugu huɗu-huɗu, ɗaurin kuma su taru su ba da abin da zan kira jimlar kiɗa, mai bugu 16 ko 32. A gudun 120, bugu 32 sakan 16 ne cif. Sabon abu cikin waƙa, shigowar murya ko amshi, galibi a kan bugun farko na jimla yake zuwa. Dije na gari shina sakin sabuwar waƙa kan bugun farko na jimlar tsohuwa, don su tafi kafaɗa da kafaɗa. In gudu ya daidaita amma ƙirga ta kuskure, ƙafa ba za ta yi tuntuɓe ba, amma jiki zai ji wani abu ya shigo ba da sallama ba.

Abu na ukku musayar bas. Bas biyu ba su zama fili ɗaya. In sun haɗu sai sauti shi dagule, baful shi dinga gurnani. Don haka ana shigo da sabuwar waƙa bas ɗinta a rufe, ana ɗaga majanyinta sannu a hankali, in an kai kan bugun farko na sabuwar jimla sai a rufe bas na tsohuwa a buɗe na sabuwa lokaci guda. Masu rawa sun koma sabuwar waƙa ke nan tun kafin su farga.

Shi kanshi majanyin tsakiya shina da hali iri-iri, kuma ana iya zaɓe. Akwai saitin da ke rage wannan shina ƙara waccan kai tsaye. Da shi, in ka kai tsakiya ƙarar duka tana faɗuwa da kimanin desibel 3, ka ji kamar kiɗan ya faɗa rami. Akwai wanda aka gyara don ƙarfin shi zauna daidai tun daga hagu har dama, shi ya dace da haɗi mai tsawo. Akwai mai kaifi, wanda da ka ɗan taɓa shi waƙar ta buɗe duka, na masu karce faifai ne. Dije nawa cikinku suka taɓa buɗe saitin su ga wanne suke aiki da shi? Bayan waɗannan akwai matata, wadda ke tace kaurin waƙa sannu-sannu har ta sirance ta fita. Akwai amsa-kuwwa, a kama bugun ƙarshe a bar shi shina maimaita kanshi shina dusashewa. Akwai kuma yanka mai tsabta, a tsai da wannan daidai ƙarshen jimla a saki waccan daidai farkon tata. Yanka ba laifi ba ne in an yi shi a gaɓa. Mahauci ma gaɓa yake nema.

Yanzu ga inda nike son mu fahimci juna. Waɗannan dabaru an gina su ne kan kiɗan da aka yi domin su, mai dogon fili ba murya a gaba da baya. Waƙar Hausa ba haka take ba. Tun daga Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos har zuwa su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da ake sawa bukukuwan yau, magana ce a gaba, kiɗa na bin ta. Murya na shigowa da wuri, tana kaiwa kusan ƙarshe, baiti na bin baiti, amshi na raba su. Mutanen da ke fili ba ƙafa kaɗai suka kawo ba, sun haddace baitocin, suna rerawa tare. Wanda ya koyi ƙirga bugu 32 a bidiyon intanet ya zo ya ɗora ta kan waƙar Hausa ba tare da ya saurari abin da ake faɗi ba, rabin karatu ya yi.

Ɗauki jimla irin wannan, da ni na ƙirƙire ta don misali: ba ni son kowa sai ke. Ka ja majanyi kafin kalmomi biyu na ƙarshe, mi ya rage? Ba ni son kowa. A gaban amarya, ranar aurenta! Hausa na son ajiye nauyin magana a ƙarshe. Sai na warware abin da aka kore, amma na juya zance, in na buɗe sharaɗi da ke jiran cikawa. Kunnen Bahaushe, da ya ji in kin tafi, ya riga ya tsaya jiran abin da zai biyo. Ka hana shi, ka bar shi rataye. Wanga ne dalilin da ya sa za ka ga mata sun ci gaba da rera baitin da bakinsu bayan dije ya yanke, suna hararar inda tabul yake. Suna ƙarasa mishi aikin da ya bari ne.

Cakuɗen muryoyi kuwa ya fi muni a harshenmu. A Hausa tsawon wasali na bambanta ma'ana: gari da ake zama ciki da gari na tuwo, tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. Karin sauti ma haka: kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne bambancinsu. Kuma ma'aunin waƙarmu kan nauyin gaɓa yake tafiya, gaɓa mai sauƙi da mai nauyi, abin da masana irin su Russell Schuh suka daɗe suna nazari. Duk waɗannan ƙananan alamu ne da kunne ke tsinta cikin murya. Muryar mutum kuma, ta kowane mawaƙi, yanki ɗaya take zama. Wayar tarho ta dā tsakanin 300 da 3400 Hz kawai take ɗauka, kuma ana gane magana sarai. Bas biyu kana iya raba su da maɓalli, ka rufe ɗaya. Murya biyu fa? Duka suna cikin maɓallin tsaka. Ko dai ka rufe ɗaya, ko su cinye juna. Doka mai sauƙi ce: murya ɗaya a fili, kullum.

Ga wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. In ka ƙara ma waƙa gudu da kashi 6 cikin ɗari ba ka kulle muryarta ba, sautin na hawa da kusan rabin mataki. Ka ja waƙa mai 100 ka kai ta 112, ta hau kusan cikakken mataki, dattijon mawaƙi shi koma kamar yaron da bai balaga ba. Akwai maɓallin kulle murya cikin manhaja, shina hana wanga hawa, amma in jan ya yi yawa sai muryar ta dinga rawa kamar ana magana ta bayan fanka. Waƙoƙi biyu da gudunsu ya yi nisa haka ba a tilasta musu aure. A kai ta farko ƙarshen amshi, a sa amsa-kuwwa ko a yanka da tsabta, a saki ta biyu daga farkonta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mutanenmu sun iya sauya rawa. Shiru na bugu ɗaya ko biyu ba abin kunya ba ne, numfashi ne.

Wani zai ce mini, ai yanzu akwai maɓallin da ke daidaita gudu da kanshi, mi ya kai ni wahala? Ku yi amfani da shi, ba ni da faɗa da na'ura. Amma ku san iyakarshi. Shina aiki lafiya kan waƙar da aka buga da kwamfuta a situdiyo, don gudunta ba ya motsi. Sa mishi kalangun Shata ka gani. Hannun mutum ne ke kiɗan, shina ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi, shina sassautawa in mawaƙi na jan magana. Ga shi kuma da yawa daga kiɗanmu na gargajiya ukku-ukku ake jin su, manhaja kuma huɗu-huɗu ta fi sabawa da shi, sai ta ɗora alamar bugun farko inda ba nan yake ba. Ko a waƙar situdiyo, maɓallin bai jin Hausa. Bai san ina baiti ya ƙare ba, bai san sai ke na tafe ba. Wannan aikin kunnenka ne.

Sai maganar mikoro. Kiran sunayen mutane bisa kiɗa, samarinmu sun ɗauko salon shi ne daga kupe-dekale na Kodebuwa, irin na su DJ Arafat da ya rasu a 2019, su kuma daga atalaku na Kinshasa. Amma abin ba baƙo ba ne gare mu, muna da maroƙa da sanƙirori tun kafin a ƙera lasifika. Ku saurari tsohon kaset na makaɗan fada ko na Shata. Maroƙi na jiran gurbi, shi jefa kirarinshi, shi ja baya kafin mawaƙi shi ɗauko sabon baiti. Ya san shi mai rakiya ne. Namu dijen kuwa sai shi danne waƙa tsakar baiti don shi gai da Alhaji wane da ya shigo, shi sake ta, shi sake danne ta don Hajiya wance. A gai da Alhaji, ai liƙi na cikin sana'a. Amma a gai da shi wajen kiɗa zalla ko bayan amshi. Kuma kada a mai da gaisuwar Alhaji zanen rufe haɗin da ya lalace.

Na san uzurorinku, kuma ba duka ne na banza ba. Ƙawayen amarya na tsaye kanka, kowace da salula a hannu, sa mini wannan yanzu-yanzu. Waƙoƙin da ake turo maka ta WhatsApp, wata ƙararta kamar raɗa, wata kamar aradu. Kuran na ɗaukewa, gurup na tari. Jama'a kuma sun saba da guntayen waƙa na TikTok, ba su da haƙurin minti biyar. Duk na yarda. Amma a duba su ɗaya-ɗaya. Mai son waƙarta yanzu-yanzu tana iya jiran sakan ashirin a kai ƙarshen amshi, in ka ɗaga mata hannu ka yi murmushi. Bambancin ƙara, maɓallin ƙarfin shiga aka yi dominshi, ana daidaita shi cikin abin kunne kafin a saki waƙa. Gajen haƙurin jama'a kuwa hujja ce a kanku: in za ka sauya waƙa kowane minti ɗaya da rabi, ɗinkinka ya ninka, ke nan buƙatar iya shi ta ƙaru. Ɗaukewar kuran kaɗai ce ba laifinku ba.

Mu ma masu biki da ƴan rawa muna da namu kaso. In za a ɗauki mai sono, tambayar da ake yi ita ce baful nawa gare shi, ana jin shi daga wace unguwa. Ba mai tambaya ko ya iya haɗi. Mun mai da ƙara ma'aunin gwaninta, to don mi yaro zai ɓata darenshi shina koyon ƙirga? Ranar da uwar biki ta fara cewa wancan ba ni son shi, shina yanke waƙa a tsaka, ranar za ku ga an koma makaranta.

Abin da nike roƙo bai da tsada. Kafin ranar biki, zauna da waƙoƙin da ka san za a nema. Saurari kowace har ƙarshe, ko da ka ji ta sau ɗari. Sa alama inda murya ke shiga, sa alama ƙarshen kowane amshi, sa alama duk inda kiɗa ke tafiya shi kaɗai. Manhajarka na da maɓallan ajiye alama, don haka aka yi su. In waƙa ba ta da fili a farko, kama bugu huɗu ko takwas na kiɗanta zalla ka sa su suna zagayawa, ka yi ma kanka filin. Ka fita a ƙarshen amshi, ka shiga a farkon jimla, bas ɗaya, murya ɗaya. Ka ɗauki wasanka a salula, washegari ka saurara kai kaɗai ba jiniya ba ihu, ka ƙirga sau nawa ka guntule ma mawaƙi kalma. In lissafin ya kai sifili, ka ƙara kuɗin aikinka, kuma duk wanda ya yi maka ciniki ka turo shi ya karanta wanga ɗan littafi.